Mariƙin Sarƙar Keke: Yadda Za Ka Zaɓa, Ka Ɗaura, Ka Yi Wanki Da Shi

Tun ranar da na rataye kekena a reshen darbejiyar ƙofar gida, na cire tayar baya, jama'a suka ga ina juya feda sarƙa na gudu lafiya lau ba taya, tambaya ba ta yanke ba. Abokan aiki a makarantar da nake koyarwa sun tambaya, samarin da suka sayo kekuna masu giya a Kano sun tambaya, har Baba mai gyaran keke na bakin kasuwa sai da ya karɓi abin ya jujjuya shi a tafin hannu. Na gaji da maimaita bayani a tsaye, shi ya sa na zauna na rubuta.

Abin da suka gani ɗan ƙaramin ƙarfe ne da wani kwarkwaro na roba a jikinsa, kamar kwarkwaron zaren tela amma ya fi shi kauri. Idan ka cire tayar baya sai ka ɗaura shi a mazaunin aksil, ka ɗora sarƙa a kansa. Shi ke nan aikinsa: ya riƙe sarƙa a miƙe don ka wanke ta, kada ta zube tana kankare fentin firam ko tana jan ƙasa. Ni mariƙin sarƙa nake ce masa, haka zan ci gaba da kiransa.

1. Fara duba ko kekenka ma yana buƙatarsa

A nan mutane da yawa za su huta da kashe kuɗi. Idan kekenka Phoenix ne, ko Hero, ko tsohon Raleigh irin na iyayenmu, wato mai giya ɗaya, ba ruwanka da wannan abu. Dalili biyu ne. Na farko, waɗannan kekuna suna da ƙafar tsayawa ta baya wadda ke ɗaga tayar sama, sai ka kafa shi ka juya feda da hannu, tayar na wurinta, ka wanke sarƙarka. Na biyu, a keke mai giya ɗaya tayar ce da kanta take jan sarƙa ta miƙe idan an ja ta baya an ɗaure noti. Babu wani sifirin da zai tattare sassaucin sarƙar idan an sa ƙaramin kwarkwaro a madadin tayar, don haka sarƙar za ta riƙa faɗowa.

Haka ma kekunan Japan na hannu, masu kwando a gaba, waɗanda giyarsu uku ke ɓoye a cikin cibiyar tayar baya. Cire tayar baya a irinsu aiki ne na rabin yini, ga wayar giya, ga birki, ga madigadi da kariya duk a ɗaure a aksil guda. Kada ka cire ta saboda wanki kawai.

Wanda mariƙin sarƙa zai amfana shi ne mai keken da yake da jerin haƙora a baya, 6, 7, 8 har zuwa 12, da wani hannu da ke reto a ƙarƙashinsu mai ƙananan kwarkwaraye biyu. Wannan hannun giya yana da sifirin, shi ne yake ja wa sarƙa ƙarfi. Da ka cire taya sai ya naɗe, sarƙar ta kwanta a kan firam. Idan kekenka haka yake, ci gaba da karatu.

2. Gano irin aksil ɗin tayar baya

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane muhimmanci, kuma a nan ni na yi asara. Na ga abin a intanet, hoton ya yi kyau, na biya, na jira makonni, da ya iso sai na tarar kwarkwaro ne zalla da rami a tsakiya, ba ƙarfen ɗaurewa, ba komai. An yi shi ne don keken da ba irin nawa ba. Laifina ne, ban duba ba. Yana nan a cikin gwangwanin notina har yau.

Tsuguna bayan kekenka ka duba. Ɗaya daga cikin uku za ka gani:

Mai noti. Aksil ɗin ya fito ta gefe biyu, an ɗaure da noti, yawanci sifana mai lamba 15 ce take kwance shi. Mafi yawan kekunan giya masu araha a kasuwanninmu haka suke. Bakin firam ɗin a buɗe yake ta ƙasa, tsagar kuma faɗinta kusan milimita 10 ne.

Mai liba. Maimakon noti akwai 'yar liba a gefen hagu, ka buɗe ta taya ta saki. Wani siririn tsinken ƙarfe ne mai kaurin milimita 5 ya ratsa ta cikin aksil. Shi ma bakin firam ɗinsa a buɗe yake, irin tsagar nan ta milimita 10. Saboda haka mariƙi ɗaya ne yake yi wa mai noti da mai liba.

Mai aksil na zurawa. Wannan sai a sababbin kekuna masu tsada, galibi masu birkin faifai. Bakin firam ɗin a rufe yake, rami ne zagayayye, aksil mai kaurin milimita 12 ake zurawa ta gefe ɗaya a murɗa shi a ɗaya gefen. Sai ka zare shi gaba ɗaya taya take fita. Irin wannan ne ke amfani da kwarkwaro zalla, domin aksil ɗinka za ka zura ta cikinsa.

Gargaɗi: idan naka na zurawa ne, kada ka sayi mariƙin da ya zo da nasa aksil mai zare. Zaren waɗannan aksil ba iri ɗaya ba ne, akwai mai tazarar milimita 1, akwai 1.5, akwai 1.75. Ka tilasta wanda ba nasa ba, ka cinye zaren firam, kuma wannan ba gyaran bakin kasuwa ba ne. Nemi wanda aksil ɗinka na asali zai ratsa.

3. Auna faɗin bayan firam

Cire tayar, ka sa rula ko tef na tela tsakanin bakin firam na hagu da na dama, daga ciki zuwa ciki. Tsofaffin kekunan tsere masu haƙora 6 ko 7 sukan ba ka milimita 126. Na tsere na baya-bayan nan 130. Masu faɗin taya na hawa tudu da daji 135. Masu aksil na zurawa 142 ko 148.

Idan mariƙin da za ka saya gefen dama kaɗai yake kamawa, wannan awon bai dame ka ba. Amma idan mai ratsa gefe zuwa gefe ne, ko kuma da kanka za ka haɗa, rubuta lambar a takarda ka sa a aljihu.

4. Mai zamewa ko kafaffe, ƙarfe ko roba

Iri biyu ne ta fuskar aiki. Akwai wanda kwarkwaronsa kafaffe ne a wuri ɗaya, daidai inda ƙaramin haƙori yake zama. Akwai kuma wanda kwarkwaron ke zamewa hagu da dama a kan sanda, ya bi hannun giya duk inda ya nufa.

Kafaffen ya fi araha, ya fi ƙanƙanta, kuma idan wanke sarƙa kaɗai ne gabanka ya wadatar. Aibinsa ɗaya: ba a taɓa giyar baya idan yana ɗaure. Ka manta ka danna, ko yaro ya zo ya danna maka, hannun giya zai ja sarƙa gefe alhali kwarkwaro ya ƙi motsi, sai sarƙar ta fice ta maƙale. Idan ka ci gaba da juya feda da ƙarfi kana iya lanƙwasa ɗan kunnen ƙarfen da hannun giya yake rataye a jikinsa. Kunnen nan da gangan ake yin sa da laushi don shi ya lanƙwashe maimakon firam, kuma kowane firam da irin nasa. Samun madadinsa a ƙauye sai an sha yawo.

Mai zamewa yana ba ka damar tura hannun giya ciki ya buɗe, ka kai burushi lungunan da ƙura ke taruwa, ka kuma ga ko wayar giya tana tafiya sumul. A ganina, wanda yake gyara wa mutane kekuna ko yake da keke fiye da ɗaya, wannan ya kamata ya nema. Park Tool DH-1, na wani kamfanin Amurka, irin wannan ne, kuma yana shiga buɗaɗɗen bakin firam da kuma aksil na zurawa mai milimita 12, wato ya haɗa duka. Pedro's Chain Keeper kuwa na gefe ɗaya ne mai liba. Ba don lallai ka sayi nasu na kawo sunayen ba. Idan ka rubuta su a wurin bincike za ka ga hoton abin, sannan masu kama da su masu araha za su biyo baya.

Game da abin da aka yi shi da shi, kwarkwaron gara na roba mai tauri, ba ya cin sarƙa, ba ya ƙara. Amma sandar da maɗaurin su zama ƙarfe ko alminiyam. Wanda aka yi da roba tun daga sama har ƙasa ba ya jure zafinmu. Ka manta shi a rana cikin watan Afrilu sau biyu sau uku, ka zo ɗaurewa zaren ya ɓare.

Duba ramin da sarƙa ke kwanciya a jikin kwarkwaron. Ya zama mai zurfi, gefensa biyu sun ɗago. Marar zurfi da ka ɗan yi sauri sarƙa take tsallakewa. Faɗinsa kuma ya ɗauki sarƙarka: ta masu haƙora 6 zuwa 8 ta fi ta masu 11 da 12 faɗi, kuma wasu ƙananan mariƙan don siraran aka yi su. Sai kuma ka juya kwarkwaron da yatsa. Ba lallai ne ya kasance da boris ba, ni ma na fi son marar boris, tunda abu ne da kullum yake cikin kananzir da ruwan omo. Ya dai juya ba tare da cijewa ba.

5. Inda za ka samu da abin da za ka kashe

Gaskiya ba kayan da za ka tarar a shimfiɗe ba ne ranar Juma'a a Wudil ko ranar Lahadi a Gujungu. Masu kayan keke na kasuwannin ƙauye suna kawo abin da ake nema ne: taya, tif, sarƙa, feda, robar birki. Ko a Sabon Gari a Kano, ka je da hoton a wayarka, don sunan ba zai taimake ka ba. Masu sayar da kekunan hannu da ake shigowa da su daga Turai wani lokaci sukan tsinci irin waɗannan tarkace a cikin kaya ba su san amfaninsu ba, yana da kyau ka tambaye su.

Hanyar da ta fi tabbas ita ce oda ta intanet. Na roba a AliExpress 'yan daloli kaɗan ne, na Park Tool kuwa dala 20 da 'yan kai ne tun kafin kuɗin kawowa. Ba zan sa farashi da naira ba, don kafin ka karanta ya canza. Lissafin da nake ba mutane shi ne: je ka tambayi kuɗin sabuwar sarƙar kekenka yau. Idan mariƙin ya fi ta tsada, kuma keke ɗaya gare ka, tsallaka zuwa mataki na 6.

Gargaɗi: kafin ka biya, karanta bayanin kayan, kada ka tsaya a hoto. Masu sayarwa sukan sa hoto ɗaya ga iri biyu ko uku, sai a ƙasa ka zaɓi naka. Sannan ka ba da adireshin wani ɗan'uwa a Kano, Dutse ko Haɗeja, don masu kawo kaya ba sa shiga ƙauyukanmu.

6. Haɗa naka a gida

Bayan asarar da na yi, na kai wa Baba mai gyara ƙorafi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya sa hannu a tsohon buhun da yake zuba matattun kaya, ya zaro cibiyar wata tayar baya da wilinta ya karye, haƙoranta na jiki.

"Malam, ba wannan kake nema ba?"

"Baba, ai wannan ta mutu."

"Wilin ne ya mutu. Ita lafiyarta ƙalau. Ɗaura ka gani."

Ya sa filaya ya datse ragowar wayoyin, muka ɗaura ta a kekena kamar taya, sarƙa ta hau, giya ta shiga ɗaya bayan ɗaya. Abin da na ba shi bai kai kuɗin faci uku ba. Har yanzu ita na fi amfani da ita, ko da yake daga baya na sami na kamfani.

Idan za ka bi wannan hanya, ga abin lura. Faɗin cibiyar ya yi daidai da awon da ka yi a mataki na 3. Idan ta gaza da milimita kaɗan, ƙara washa a gefen hagu. Idan yawan haƙoranta bai yi daidai da naka ba, ba komai, ka bar sarƙa a kan ƙaramin kada ka canza giya. Ka wanke ta tas kafin ka fara aiki da ita, in ba haka ba dattin shekara goma za ta mayar wa sarƙarka. Kuma ka sani, da zarar an datse wayoyin wili, cire firiwil, wato jerin haƙoran, daga cibiyar ya zama wahala, don babu abin riƙewa a murɗa. Idan mai gyaran yana son firiwil ɗinsa, ku yi wannan maganar kafin filaya ta taɓa waya.

Hanya ta biyu ta masu liba ce da masu aksil na zurawa. Sami guntun bututun roba na wayarin lantarki, mai milimita 20. Yanke shi daidai faɗin firam, bakin ya miƙe, ka goge kaifin da ƙasa ko sanfefa. Sa shi cikin zagayen sarƙa, ka tsayar da shi tsakanin bakunan firam, ka zura tsinken liba ko aksil ta cikinsa, ka ɗaure a hankali. Sarƙa za ta riƙa zamewa a kansa, har giya kana iya canzawa. Yana cinyewa da sauri, amma guntu ɗaya da mai wayarin ya yar zai yi maka uku.

Gargaɗi: kada ka taɓa ɗaure tsinken liba ko aksil ba komai tsakanin bakunan firam. Matse su za ka yi su shigo ciki, firam na alminiyam kuwa ba ya son a lanƙwasa shi a dawo da shi.

Wannan mai ratsa gefe zuwa gefe yana da wani amfanin. Ranar da za ka cire tayoyi ka jefa keke a bayan motar kasuwa, ka bar shi a ɗaure. Yaran mota ba su san firam ba, buhun gero za su ɗora a kai.

7. Ɗaurawa

Tanadi kayanka tukuna: igiya, sifana 15 idan mai noti ne, kananzir ko man gas kamar rabin kwalbar lemo, ƙaramin gwangwani, tsohon burushin haƙori, bokitin ruwa da omo ko sabulun wanke-wanke, tsummoki biyu ko uku, da man da za ka sa daga baya.

Rataye keken ta sirdi a reshen bishiya ko azarar rumfa, tayar baya ta bar ƙasa, ta gaba tana taɓawa don kada ya riƙa juyi. Tsayin ya zama aksil yana wajen gwiwarka idan kana zaune a kujera 'yar tsugunno. Na san an saba kifa keke a kan sirdi da kai. Don faci ba laifi, amma don wanki ban so, ruwan datti yana gangarawa cikin boris ɗin wuya, maɓallan giya kuma suna gogar ƙasa.

Sai ka bi wannan tsari, kada ka sauya shi:

Tun tayar na jiki, juya feda ka mayar da sarƙa kan mafi ƙanƙantar haƙori a baya. Wanda ya tsallake wannan shi ne yake kokawa da taya wajen fita da wajen komawa. A gaba kuma ɗora ta a babban faranti mai haƙora da ke jikin feda, ta fi miƙewa a kan kwarkwaro.

Idan birkinka mai kama wili ne, saki wayarsa robobin su buɗe, in ba haka ba taya mai iska ba za ta wuce ba. Wasu hannayen giya na Shimano na kekunan daji suna da wata 'yar liba a jiki da take ƙara musu tauri. Idan naka yana da ita, kashe ta.

Kwance noti ko liba, ja hannun giya baya da hannu ɗaya, taya ta sauko. Jingine ta nesa da wurin wankin.

Shigar da kwarkwaron cikin zagayen sarƙa, sarƙar ta hau ta samansa ta zagayo ta bayansa, kamar yadda take hawa haƙori. Tura maɗaurin cikin tsagar dama har ƙarshe, ka ɗaure da hannu. Ba a sa ƙarfi, ba nauyin mutum zai ɗauka ba. Juya feda baya a hankali sau biyu. Idan sarƙar tana hawa gefen kwarkwaro, bai daidaita da hannun giya ba, gyara kafin ka ci gaba.

Gargaɗi ga mai birkin faifai na mai: idan taya ba ta jiki, kada a matsa birkin baya. Takalman birkin za su haɗe, faifai ya ƙi komawa. Cusa guntun kwali mai kauri mai tsabta a tsakaninsu, sannan ka ɗaure leda a kan birkin gaba ɗaya. Ɗigon kananzir ɗaya a kan takalman ya isa ya sa birki ya riƙa kuka ba ya kamawa. Yara kuwa ka san hannunsu ba ya zama, sa babbansu ya tsare maka su.

8. Wankin kansa

Abin da ke kashe sarƙa a wajenmu ba ruwa ba ne kamar a Kudu, yashi ne da ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, hanyoyin Jigawa kuma rairayi ne ko da damina. Sai mu zo mu kwarara baƙin mai a kai. Baƙin mai ya riga ya ɗauko garin ƙarfe daga inji, ga shi da danƙo, yashi ya manne masa, su haɗu su zama abin wasa wuƙa. Kowane juyin feda yana cin ƙusoshin sarƙar ta ciki. Shi ya sa wankin da ba a fitar da wannan baƙin kunun daga tsakanin gaɓoɓi ba, kwalliya ce kawai.

Fara a bushe. Sa tsinke ko tsohuwar wayar wili ka kankare dattin da ya daskare a ƙananan kwarkwarayen hannun giya da haƙoran faranti. Za ka ga yana faɗowa kamar busasshiyar laka. Idan ka fara da jiƙawa, damawa za ka yi.

Ajiye kwano ko kaskon da aka daina amfani da shi a ƙarƙashi. Tsoma burushi a kananzir, ka kafa shi a kan sarƙa daidai inda take zagaya kwarkwaron mariƙi, kana juya feda baya da ɗaya hannun. A nan ne amfanin abin yake fitowa: wurin da sarƙa ta lanƙwasa gaɓoɓinta a buɗe suke, kuma akwai abin da ya tokare ta, burushi yana shiga maimakon ya ture ta. Yi sama, yi ƙasa, yi gefe biyu. Bar ta minti biyar ta jiƙa, ka sake.

Gargaɗi: ban da fetur. Na san yana wankewa da sauri, kuma na san ana yi. Amma a tsakar gida ake wannan aiki, murhu na kusa, tururinsa kuma yana bin ƙasa ya je ya sami wuta. Kananzir ɗin da ya ɗiga a kwano kuma kada a zubar kusa da rijiya ko inda kaji da awaki ke kiwo. Juye shi a kwalba ka rufe, dattin zai kwanta, ka tsiyaye na sama wanki na gaba.

Bayan kananzir sai ruwan omo, da wani burushin ko soso, har kumfar ta daina baƙi. Ɗauraye da ruwa a buta, a hankali. Kada ka kai shi wurin masu wankin mota su sa masa injin feshi, yana tura ruwa cikin boris ya kori giris. Kama sarƙar da busasshen tsumma kana juya feda, sannan ka bar ta a rana. Da rani rabin awa ya isa. Da damina ba ta awa ɗaya ko fiye, don ruwan da ke cikin gaɓoɓi ba ya fita da wuri, mai kuma ba ya shiga inda ruwa yake.

Kafin ta bushe, koma kan tayar da ka jingine. Jiƙa gefen tsumma da kananzir, ka zura shi tsakanin haƙora kana ja hagu da dama. Karkata tayar haƙoran su kalli ƙasa don kada kananzir ya gangara cikin cibiya.

9. Awon sarƙa, sa mai, mayar da taya

Tunda sarƙar tana miƙe kuma tsaf, yanzu ne lokacin auna ta. Tazarar ƙusa zuwa ƙusa a sabuwar sarƙa rabin inci ne, saboda haka idan ka ɗora farkon rula a tsakiyar wata ƙusa, alamar inci 12 za ta faɗa daidai tsakiyar wata. Idan ƙusar ta wuce alamar da kamar milimita 1.5, sayi sabuwar sarƙa. Idan ta wuce da milimita 3, ta riga ta ci haƙoran baya, sabuwar sarƙa za ta riƙa tsalle a kansu, sai dai ka canza su tare. Ka tabbata sarƙar ta miƙe sosai lokacin awon.

Wajen mai, idan ka sami na sarƙar keke na musamman, madalla, ka nemi marar danƙo saboda ƙura. Idan babu, sabon man inji mai tsabta ya fi baƙin mai nesa ba kusa ba. Man keken ɗinki ma yana yi da rani, sai dai ba ya daɗewa, ruwan sama ɗaya yake wanke shi. Giris ba na sarƙa ba ne, ba ya shiga ciki, yashi kawai yake tarawa. Man feshin nan na gwangwani, WD-40, kuma yana korar ruwa da tsatsa, amma kada ka dogara da shi a matsayin mai.

Ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, ta cikin zagayen, a layin ƙasa na sarƙar. Sirinjin da aka cire wa allura yana sauƙaƙa wannan. Sa alama da alli a inda ka fara. Juya feda sau ashirin, bar ta minti goma, sannan ka goge da tsumma har sai sarƙar ta zama kamar ba a sa mata komai ba. Kuskuren da kusan kowa yake yi ke nan, ganin sarƙa tana sheƙi da mai sai a ɗauka an kyauta mata. Wanda ke ciki shi ne mai aiki, na waje abincin ƙura ne.

Cire mariƙin, ka goge shi, ka goge tsagar firam. Zare kwalin da ledar idan mai faifai ne, da hannun da ba mai a jiki. Ja hannun giya baya, ɗora sarƙa a ƙaramin haƙori, tura taya sama. Kafin ka ɗaure, sauke keken daga igiya ya tsaya a ƙasa, nauyinsa zai zaunar da aksil har ƙarshen tsaga, tayar ta tsaya a tsakiya. Noti ka riƙa ɗaure su bi da bi, kaɗan a dama kaɗan a hagu. Liba kuwa ta yi taurin da za ta bar shaida a tafin hannunka idan ka rufe ta.

Gargaɗi na wannan mataki: mayar da wayar birki. Ni na taɓa mantawa, sai da na zo gangaren bakin kududdufi na tuna, ƙafa ce ta tsayar da ni. Matsa birki biyu tun kana tsakar gida, ɗaga bayan keken ka bi giya ɗaya bayan ɗaya, sannan ka fita.

Cikakken wanki irin wannan ni sau ɗaya nake yi a wata da rani, da damina kuma duk lokacin da na shiga laka sosai. Tsakanin haka tsumma ne kawai: idan na dawo daga hanya mai rairayi, in kama sarƙa da shi in juya feda baya sau goma, taya na wurinta.